Wanda Ya Ce Kowa Ya Sauko

An yi wani mutum a cikin birnin nan, shugaban masu gyaran wayoyin lantarki. Ya iya aiki, wannan ba musu. Ciwonsa ɗaya ne: abin da bai gani ba sai ya ce ya gani.

Ya 'yan uwa, a da in za a mayar da wuta, sai an je gindin falwaya da doguwar sanda an tura makunni, ido na kallon sama. Yanzu makunnan daga ofis ake sarrafa su. Mai dannawa ba ya ganin wanda ke kan falwaya. Maganar shugaban aiki ita ce idonsa.

Ran nan waya ta tsinke a Madabo. Aka kashe layin, ma'aikata suka hau. Gogan naku kuwa ya sulale ya tafi walima a Sheshe. Yana tsakiyar cin waina ya dubi agogo, ya ce ai yanzu sun gama. Ya kira Malama Hafsat, mai kula da makunnan a ofis.

"Kowa ya sauko. Kunna."

Yatsanta na kan madanni, sai ta jiyo ƙarar kwanuka, wani na cewa a ƙaro miya.

"Yallaɓai, da idonka ka gani?"

"Ke! Shekarata ashirin a aikin nan. Kunna na ce!"

Ba ta kunna ba. Ta kira Malam Ɗalha, dattijon cikin ma'aikatan.

"Baba, kana ina?"

"Ina sama, 'yata, wayar wuta na hannuna. Lafiya?"

Alhamdu lillahi! Wallahi duk sanda na tuna, sai na yi ajiyar zuciya. Tsakanin iyalan Ɗalha da zaman makoki, yatsa ɗaya ne.

Shi kuwa shugaban, ashe ofis na naɗar kowane kira. Aka saurara, aka sallame shi. Yau ko ƙwan fitila ba mai ba shi ya canja. In ya ce ana ruwa, sai an leƙa waje. A kan me? A kan waina!

Ya 'yan uwa, "na gani" shaida ce, kuma za a tambaye ka. Wani yana can ya jingina ransa da maganarka. In ba ka gani ba, ce ban gani ba. Me zai rage ka?

Malam Ɗalha yana nan da ransa, ɗazu da azahar kafaɗarsa na jikin tawa a sahu.

Allah ya kiyaye mu da harsunanmu, ya yawaita mana irin Hafsat. Amin.