Kunnen Sarki Barmo

Sarki Barmo ya kafa doka: wanda ya zage shi a yanke masa harshe, wanda ya saurara a yanke masa kunne. Gari ya yi tsit, har shirun ya dami sarki. Sai ya sa aka kamo Tabawa mai kitso.

"Ke, a zaurenki gulma take kwana. Faɗa mini abin da ake cewa a kaina, ko in sa a fille kanki."

"Ranka ya daɗe, harshena ba komai ba ne. Kunnenka nake tausayi, don dokarka ba ta ware kowa ba."

Sarki ya shafa kunne. "To, na ɗage dokar yau."

"Allah ya ƙara adalci! Amma dogarai ba su ji ba. A yi shela, kada su yanka mu bisa kuskure."

Sankira bai gama shela ba, gari ya ɓarke da zagi, har da muryoyin dogarai.

"To, faɗi!" in ji sarki.

"Na huta, ranka ya daɗe. Ga shi nan daga bakin masu shi."