Ƙaguwar da Ta Binne Gidaje

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A bakin teku, inda ruwa kan ciko ya koma, akwai wasu ƙaguwoyi masu taushin baya. Ba su da ɓawo nasu, sai su shiga katantanwar da dodon koɗi ya mutu ya bari. Al'adarsu kuwa, in ruwa ya kawo babbar katantanwa, sai su jeru daga babba zuwa ƙarami. Babba ta shiga sabuwa, ta bar tsohuwa ga mai bi mata, har kowa ya samu.

Babbarsu sunanta Tabawa.

Ana nan, yunwa ta koro Gizo bakin teku. Ya ƙwanƙwasa katantanwar wannan ƙaguwa, tauri; ya ciji ta waccan, haƙori ya amsa. Sai ya je wurin Tabawa ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, in sabon gidan ya fashe, ina za ki koma?"

Tabawa ba ta taɓa tunanin haka ba.

"Binne tsohon a yashi," in ji Gizo. "Naki ne."

Da ruwa ya kawo katantanwa, aka jeru. Tabawa ta shiga sabuwa, ta binne tsohuwa. Ƙanwarta Kyallu kuwa ta riga ta fito daga tata, wani ya shige.

"Yaya, bayana a waje yake!"

"Ki jira ruwa ya kawo miki."

Kafin ruwa ya dawo, Gizo ya lanƙwame Kyallu.

Karo na biyu ma haka, ya ci wata. Karo na uku, babu wanda ya jeru. Sauran suka bi igiyar ruwa da gidajensu masu matse su, ba sallama. Gizo ya leƙa, ya ga ba nama, ya share baki ya yi gaba.

Tabawa ta tone katantanwun, ta wanke, ta jera su daga babba zuwa ƙarama. Ta hau dutse tana kira: "Ga gida! Kyallu, ga naki!"

Iska ce kaɗai ta shiga cikinsu tana kuka. Har yau in kun kara katantanwa a kunne, kukan nan za ku ji.

To, jikokina, abin da kuka gama da shi, ku miƙa wa na bayanku tun yana tsaye yana jira.

Ƙungurus kan ƙusu, nan ta tsaya.