Farantin da Ya Fuskanci Titi

Akwai wani magidanci a wani ƙauye da rafi ya raba biyu, kowane ɓangare da ƙaramar hukumarsa. Matarsa Liyatu tana fama da ciwon suga, allurarta kuwa ba ta jure zafi, sai a cikin firji. Ƙauyen babu wuta, saboda haka duk burin mutumin nan bai wuce ya samu sola ba.

Ana nan, sai hukumomin biyu suka tashi taimaka wa jama'a. Ta tsallaken rafi ta ce, "Kawo rabi mu cika rabi, mu turo ma'aikaci ya kafa maka inda rana take, ya kuma koya maka kula da shi." Ta ɓangaren magidancin kuwa ta ce nata kyauta ne, ko sisi ba a biya. Sharaɗi ɗaya ne tak: farantin solar ya fuskanci titi, don masu wucewa su ga allon da ke ɗauke da hoton ciyaman.

Abokinsa Habila na tsallake ya sayar da awaki biyu ya biya rabinsa. Magidancin ya yi masa dariya a bainar jama'a bayan sujada. Ranar da aka kafa na magidancin kuwa, an sha kiɗa, an ɗauki hotuna, motoci suka tafi.

Habila ya zo ya ɗaga kai ya ce, "Ɗan'uwa, tsamiyar nan ta tare masa rana. Mu juya shi."

"In juya su zo su kwance abinsu? Baƙin ciki ne kawai yake damunka."

Da bazara ta kama, firjin ya ɗan yi sanyi da hantsi, kafin azahar ya mutu murus. Sau uku mutumin yana zuwa ofis, sau uku ana ce masa ana duba lamarin. Ya sani sarai firjin Habila har ƙanƙara yake yi, tafiyar kuma ba ta kai ta zuwa gona ba. Amma kunyar dariyar da ya yi ta hana shi. Sai ya riƙa naɗe kwalbar allurar da jiƙaƙƙen tsumma, yana ce wa Liyatu komai lafiya. Ita kuma baiwar Allah ta yarda da mijinta, ta ci gaba da yin allurar da ta riga ta lalace.

Ranar da ya haɗiye girman kansa ya haye rafin, Liyatu ba ta ko gane mutane. Kwana biyu ta ƙara a duniya.

Masu zuwa gaisuwa ta titi suke shigowa. Kusan kowa sai ya tsaya ya dubi rufin ya ce, "Gaskiya gwamnati ta kyauta muku." Shi kuwa yana zaune a kan tabarma, sai dai ya amsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: farantin nan shi ne zuciyarka, rana kuwa alherin Ubangiji, wanda yake fitowa kowace safiya bai tambaye ka komai ba. Titi idon mutane ne. Masu bayarwa don a gan su, ina gaya muku da ɓacin rai, sun ba da abin kallo, ba su ba da taimako ba, za su kuwa amsa tambaya. Amma kada ka ɗora musu duka. Mutumin nan yana da tsani a gidansa, yana da aboki a tsallake.

Da yawanmu muna zuwa ikilisiya da kaya masu kyau, kowa yana yaba mu, alhali wani a cikin gida yana dogara da bangaskiyarmu, mu kuma mun san ta daɗe da mutuwa. In an faɗa maka gaskiya, ka juya tun yau. Magidancin nan ma ya juya nasa daga baya, firjin ya yi sanyi ƙalau, sai dai babu mai allurar da za a ajiye wa.