Damin Dawar da Aka Rataye a Hayaƙi

Yara, ku matso kusa! Yau na zo muku da wani abu a jakata, amma ba zan fito da shi ba sai kun ji wannan misali.

Akwai wani manomi da yake da 'ya mai suna Liyatu, shekarunta goma sha biyu. A makarantarsu, ranar da za a ba da hutu, akan tara yara a fili a karanta sakamako da ƙarfi, daga na ɗaya har na ƙarshe. A wannan karo Liyatu ta zo ta talatin da tara a cikin yara arba'in. Da aka tashi, 'yan ajinsu suka biyo ta suna tafi suna cewa, "Wutsiyar aji! Je ki gode wa Istifanus da zazzaɓi ya hana shi jarrabawa, da ke ce ta ƙarshe!"

Ta iso gida, ta cusa takardar sakamakon a ƙarƙashin tabarma, ta ce, "Mama, ni na gama da makaranta. Kaina ba ya riƙe komai. Ba ni da wani amfani."

Uwarta tana ta sauri, domin baƙin Kirsimeti suna hanya. Ta ce, "Bari babanki ya dawo mu yi maganar. Yanzu ɗauki tsintsiya ki share mini ɗakin girki, duk wani tarkace ki fitar."

Liyatu tana shara sai ta ɗaga kai. Can a saman murhu ga wani ɗan damin dawa a rataye, zangarniya ashirin, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin, yanar gizo ta rufe su. Ta sha ganinsa, amma ba ta taɓa tambaya ba, gama lokacin girbi kullum tana aji. Ta ce a ranta, "Dawa mai kyau tana rumbu. Ke kuwa an manta da ke a nan. Ke ma wutsiya ce irina." Ta taka turmi, ta tsinke igiyar, ta jefa wa awaki damin a bayan gida.

Daidai nan manomin ya shigo. Da ya hangi abin da awaki suke ci, ya yar da fartanya ya sheƙa da gudu! Mutumin da ba a taɓa ganin gudunsa ba! Takalmi ɗaya ya fice, hula ta faɗi, yana ihu, "Kai! Kai! Irina! Irina!" Ya kama wata akuya a wuya, suka yi ta ja, ita tana ja shi yana ja, har ya ƙwace zangarniyar daga bakinta. Da ƙura ta lafa, huɗu kaɗai suka rage.

Liyatu ta fashe da kuka. "Baba, ka gani ko? Ko shara ban iya ba. Na ɗauka wadda ka yar ce."

Manomin ya zauna a ƙasa yana haki. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Je rumbu ki zaro mini zangarniyar da ta fi miki kyau."

Ta kawo wata mai haske. Ya murza ta a tafin hannu, sai ga gari yana zuba, ƙwari sun huda ƙwayoyin. Ya ɗauki baƙar, ya murza, ya hura. Ƙwayoyi cikakku, masu tauri, babu huda ko ɗaya! Ya fasa guda da haƙori, ya nuna mata cikinta fari tas.

Ya ce, "'Yata, kafin kowa ya sa wuƙa a gonar nan, ni kaɗai nakan bi ta kunya kunya, in zaɓi waɗanda suka fi duka. Su nake ratayewa a hayaƙi, don ƙwaro ba ya kusantar wurin. Ta rumbu ta ci ce, kafin damina an cinye ta. Wannan ita ce gonar baɗi. Daga hannun kakanki na karɓi irin nan."

Ta ce, "Amma ta yi muni, Baba."

Ya ce, "A idon wanda bai zaɓe ta ba. Kin taɓa ganin na yi kokawa da akuya saboda tarkace?"

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na zuba. Ya zuba mata zangarniyoyin huɗu a zane, ya ce, "Ke za ki adana su, ke za ki shuka. Kawo mini takardar nan kuma mu duba ta tare."

Da hutu ya ƙare, Liyatu ta ɗauki jakarta ta koma makaranta. Ba zan yi muku ƙarya in ce ta zo ta ɗaya ba. Amma da aka sake ce mata wutsiya, ta wuce abinta kanta a ɗage. Da ruwa ya sauka ta shuka kunya shida, suka tsiro duka, da kaka dawar ta fi babanta tsawo.

Ma'anar wannan misali ke nan, yarana. Manomin, Allah Ubanmu ne. Damin nan kuwa ku ne. Baƙin hayaƙi shi ne abin da mutane suke gani daga waje: lambar da aka karanta a fili, gajarta, in'ina, tsohuwar riga, sunan banzan da aka laƙa maka. Duk a bisa fata suke, ba su shiga cikin ƙwaya ba. Kuskuren Liyatu shi ne ta yanke hukunci ba ta tambayi mai gona ba. Haka waɗansunku suke yi. Na ji da kunnena a ajin nan, yaro yana cewa, "Ni daƙiƙi ne." Wa ya gaya maka? Wanda ya yi ka ne ya faɗa? In ka ce ba ka da amfani, ka daina ƙoƙari, kai da hannunka ka tsinke igiya ka miƙa wa awaki abin da Allah ya keɓe. Shi kuwa bai tsaya yana kallo ba. Ya taho da gudu dominka, har ya ba da Ɗansa.

Ni aji shida kawai na yi, ban taɓa shiga goman farko ba. A bakin maigidana, Baban Yohanna, na koyi zancen iri. Bara Ubangiji ya kira shi gida, mako biyu bayan girbi. Na yi watanni ban iya ɗaga kai a ɗakin girki ba. Ranar da na ɗaga, sai ga daminsa a rataye, da ƙullin igiyarsa yadda ya saba yi. Na shuka shi bana. Ku zo ku ga gonar!

Zangarniya ɗaya na rage, ita ce a jakar nan. Ga ta! Kada ku ji tsoron baƙin, ruwa zai wanke. Kowa ya miƙo tafin hannu. Murza, Damaris. Hura! To, gaya wa 'yan'uwanki abin da kika gani a ciki.