Tsarabar Kano da Aka Saya a Tandabawi

Hudaifa ɗan unguwar Tandabawi ne. A Makka aka haife shi, a Makka aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Kano, ya zauna bai koma ba. Hudaifa ƙaƙƙarfa ne, ga ladabi, ba ya ƙyuyar aiki. Aibinsa ɗaya ne: yana tsoron bakin mutane fiye da abin da zai hallaka shi. Gara ya sha kowace irin wahala a ɓoye da a nuna shi da baki a layinsu.

Sana'arsa ita ce tura tsofaffin alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa. A lokacin Hajji aikin ba ya yankewa, sai wani abokin aikinsa ya miƙa masa ƙwayar kabtagon don ta hana shi gajiya. Hajji ya wuce, ƙwaya ba ta wuce ba. Daga ƙarshe aka kama shi da ita a aljihu, aka ɗaure shi.

Mahaifiyarsa Ruƙayyatu, wadda a wurinta ya gado wannan hali, ta bi gida-gida tana cewa Hudaifa ya tafi Kano ganin dangi. Maƙwabta suka yi masa addu'ar dawowa lafiya.

Bai gama wa'adinsa ba aka sake shi bisa sharaɗi. An gaya masa a fili cewa kowane mako zai riƙa zuwa wata cibiyar kula da masu barin shaye-shaye a Aziziyya, ya zauna jalsa, wato zaman tattaunawa, da 'yan uwansa masu irin matsalarsa, a kuma riƙa gwada fitsarinsa. In ya daina zuwa, ko aka ga ƙwaya a jikinsa, zai koma ya ƙarasa ɗaurinsa.

Wanda ya dawo daga Kano kuwa ba ya dawowa hannu biyu. Don haka Ruƙayyatu ta lallaɓa bakin layi wurin Inna Maimuna mai kayan miya, ta sayo yaji da daddawa da kuka, ta ƙulla a leda ta rarraba wa maƙwabta a matsayin tsaraba. Mutane suka yi ta zuwa barka da dawowa, suna tambayarsa ya ya baro mutanen gida, ya damina. Hudaifa, wanda tafiyarsa mafi nisa a duniya ita ce Madina, ya riƙa amsawa da cewa damina ta yi kyau ƙwarai.

Da farko ya riƙe jalsar da kyau. Likita ya saurare shi, barcinsa ya daidaita, har ya fara ƙiba. Aziziyya da nisa daga layinsu, ba wanda ya san shi a can, hankalinsa kwance.

Wata rana ya tura ƙofar ɗakin, sai ya ga Mukhtaru zaune a cikin da'irar kujeru. Mukhtaru dattijo ne direban bas, iyayensa ta Sudan suka zo, gidansa na kallon gidan su Hudaifa. Har da shi a masu cin yajin Kano. Ya ɗaga kai ya yi murmushi, ya nuna kujerar da ke kusa da shi.

"Ahlan ya waladi, sannu da zuwa ɗana, zo ka zauna nan. Ni ma na daɗe ina zuwa."

Hudaifa ya ja da baya. Ya ce ai ɓatan ƙofa ya yi, ofishin wani yake nema. Ya juya ya fita, bai sake komawa ba.

A gida ya ce wa mahaifiyarsa shi maƙwabcin Harami ne, ga ɗawafi ga Zamzam, me zai nema wurin waɗanda suka zauna suna tona wa kansu asiri? Ruƙayyatu ta ji tsoro, amma da ta ji Mukhtaru ya gan shi sai ba ta matsa masa ya koma ba. Cibiyar ta yi ta kiransa a waya, ya ƙi ɗauka.

Mukhtaru ya tare shi bayan la'asar a ƙofar masallacin unguwa. Ya ja shi gefe ya gaya masa shi ma yana ɗawafi, yana shan Zamzam, kuma yana zuwa jalsa, ɗaya bai hana ɗaya ba. Ya ce in ya so su riƙa tafiya tare a motarsa. Hudaifa ya zare hannunsa.

"Ammu, baffana, ban gane maganarka ba. Ni daga Kano na dawo."

Azumi ya zo, masu Umara suka cika gari. Hudaifa ya koma tura keke, ƙafafu suka kumbura, baya ya riƙe. Tsohon abokin nan yana nan inda ya bar shi. A ranar da sha'awar ta taso masa da ƙarfi, babu wanda zai iya gaya wa, domin mutanen da suka san maganin irin wannan rana su ne ya guje wa. Ya karɓi ƙwaya, ya ce guda ɗaya ce kawai.

Da rana tsaka aka zo aka tafi da shi saboda karya sharaɗi. Gwaji ya nuna sauran.

Da Ruƙayyatu ta je ziyara, bai tambaye ta lafiyarta ba. Abin da ya fara tambaya shi ne me ta gaya wa mutane wannan karon. Ta amsa masa.

"Na fara cewa ka koma Kano, sai Maimuna ta riƙe hannuna ta ce, halas, ya isa haka, Ruƙayya, ai a wurina kika sayi yajin. Duk layi sun san inda kake tun ranar farko. Sun karɓi tsaraba sun yi godiya ne don kada su ba mu kunya."

Ta ci gaba da magana.

"Mukhtaru kuma ba ranar jalsarsa ba ce ka gan shi. Shi ya roƙa a mayar da shi ranarka, don kada ka zauna cikin baƙi kai kaɗai."

Hudaifa ya kifa kansa ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar da aka yanke masa hukunci.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kunyar da ke hana mutum neman magani girman kai ce, kuma takan jawo abin da ake gudun. Wanda aka ba shi dama bisa sharaɗi ya riƙe ta da hannu biyu, ya haɗa addu'a da zuwa inda aka ce ya je. Iyaye kuma su lura, rufin asirin da ke raba ɗa da masu taimakonsa ba gata ba ne. Sau da yawa mutanen da muke ɓoye wa ciwonmu sun daɗe da sani, jira kawai suke mu ba su dama su riƙe mu.