Maƙerin Da Ya Goge Shuɗin Wuƙa

An yi wani mutum a Samaru, maƙerin wuƙaƙe. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye. Wata ranar Talata, saura mako uku Babbar Sallah, ya shiga kasuwar Sabon Gari wurin Okechukwu, mai sayar da kayan injuna, yana neman bel na injin washi, irin mai yashi a jiki wanda ke cin ƙarfe har baki ya fita. Ya tarar wanda ya saba saye ya yi tsada. Can ƙarƙashin kanta ya hango wani kwali, ya ce a jawo masa.

Okechukwu ya ce, "Maigida, wannan ba naka ba ne. Na kafintoci ne, katako yake ci. In ka sa masa ƙarfe, kai ka sani."

Ya ce, "Kai ɗan kasuwa ne ko malamin makaranta? Yashi dai yashi ne. Nawa za ka bar mini kwalin duka?"

Suka ja, suka daidaita, suka tafa. Ya ɗaura kwali a bayan babur, yana jin yau ya yi wa Sabon Gari wayo.

Ya 'yan uwa, har nan babu zunubi. Gwada abu mai araha ba laifi ba ne. Ni ma na sha gwadawa, wani ya yi mini rana, wani ya ba ni kunya.

Mutumin nan ya san aikinsa. Da sifirin ɗin tsohuwar mota yake ƙira, ya gasa, ya tsoma a mai har ƙarfe ya yi tauri. Mahauta da masu tsire daga Bomo har Jushi ba sa gwada wuƙarsa, biya kawai suke yi su sa a kube.

Ya ɗaura sabon bel. Wuƙa ta farko lafiya, ta biyu da dama-dama. A ta uku yashin ya zube, bel ya yi sanƙo. Bel mai sanƙo kuwa ba ya ci, guga kawai yake yi, guga kuma zafi take kawowa. Ga aiki ya taru, ba ya son tsayawa yana tsoma ƙarfe a ruwa. Sai ya ƙara danna hannu. Da ya ɗaga wuƙar, ya ga bakinta ya yi shuɗi.

Kowane maƙeri ya san ma'anar wannan shuɗin. Taurin ya tafi, bakin ya mutu. Za ta aske gashin hannu a gaban mai saye, amma da ta gamu da fata mai kauri sai ta lanƙwashe. Maganinta ɗaya ne, a mayar da ita wuta a sake daga farko.

Me ya yi? Ya ɗauki samfefa mai laushi ya goge shuɗin har wuƙar ta yi ƙyalli. Launi ya fita, cutar tana ciki. Haka ya yi wa wuƙa arba'in da wani abu. Wa ya gan shi? Shi dai a ganinsa babu.

Cikin masu saye har da Malam Tanimu, tsohon mahauci a Bomo, wanda ya ɗauki biyu. Washegarin Sallah magidanta bakwai suka kira shi ya yanka musu san watanda, wanda suka haɗa hannu suka saya don a raba nama kashi bakwai. Aka kayar da sa, aka ɗaure. Tanimu ya yi bisimilla ya ja wuƙa. Ta shiga rabi ta tsaya. Ya zaro ta biyu, ita ma haka. Dabba na gurnani, jini na tsartuwa, sa ya fizge igiya ya harbi Tanimu a hannu, ƙashi ya karye. Kafin a ruga cikin gida a samo wata wuƙar, an daɗe. Malamin da aka tambaya ya ce an ɗage hannu daga yankan an jima, kuma dabbar ta riga ta kama hanyar mutuwa, saboda haka kada a ci. Gida bakwai, mata sun jajjaga kayan miya, aka ja sa guda aka binne.

Mahauta ba su kai shi kotu ba. Da safe kawai suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ajiye wuƙarsa a ƙofar maƙera ya juya, ko sallama babu. Har wuƙaƙen da ya ƙera musu shekaru goma da suka wuce, masu kyau, sai da suka dawo.

Maƙerin ya tafi Sabon Gari da faɗa. Okechukwu ya bari ya gama, sannan ya ce, "Maigida, ni me na gaya maka ranar? Tambayi maƙwabcina, yana zaune."

Kafin Sallar azumi ta zagayo ya sayar da injin.

To, wa ya ci riba? Okechukwu, domin ya faɗi aibin kayansa, ya sayar, ya kwana lafiya. Wa ya yi asara? Tanimu, da hannunsa bai ƙara riƙe wuƙa daidai ba. Gidaje bakwai. Da dabbar da aka azabtar, alhali an umarce mu da mu wasa wuƙa mu hutar da abin yanka. Shi kuwa maƙerin, ba bel ne ya kashe masa sana'a ba. Ya ga aibi da idonsa, ya goge shi don kada wani ya gani.

Kai tela, kai makanike, ke mai abincin sayarwa, kowa ya san nasa shuɗin. In ka gan shi, faɗi ko ka gyara.

Allah ya kiyaye mu da ha'inci a cikin sana'a, ya sa abin da hannunmu ya yi kada ya zama shaida a kanmu. Amin.