Taken Ayarin da Illo Bai Jira Ba

Balki ƙawata, matso ki ji wannan.

Akwai wani saurayi a Agadas ana ce masa Illo, ɗan Bahago mai algaita. A zamanin Shugaba Diori, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ya gama lakkwal, wato makarantar boko, aka ba shi bursu, kuɗin tallafin karatu, ya tafi Faransa karatun tsara kiɗa. Ya yi nisa, har ya iya rubuta sauti a takarda. Da ya kai ga babbar diplom, malamansa suka ce sai ya tsara kiɗa mai tushe daga gidansu.

Sai ya tuna da taken ayari, wanda kakanninsa ke busa wa fatake ranar da raƙuman gishiri suka dawo daga Bilma. Duk garin ba wanda ya rage da shi a baki sai Bahago.

Ya zo gida da akwatin ɗaukar murya.

"Baba, busa mini taken ayari a nan. Minti biyar ya isa."

Bahago ya dubi akwatin ya yi dariya. "Wannan raƙumi ne ko madugu? Ba a busa taken nan a ɗaki. Sai ayari ya kunno kai, ka tsaya a hannun damana da taka algaitar, ina busawa kana bi. Haka ni ma na karɓa. Saura sati uku su iso."

"Sati uku! Farfesa na jirana. Irin waɗannan ƙa'idojin ne suka hana ku ci gaba, Baba."

Mahaifiyarsa Indo ta ce, "Illo, ji tsoron Allah! Ubanka ne fa."

Washegari Illo ya hau mota zuwa Yamai don ya kama jirgin Faransa, yana cewa baɗi ya dawo.

Kafin damina Bahago ya amsa kiran Ubangiji. Allah ya jiƙansa.

Illo ya harhaɗa abin da kunnensa ya riƙe tun yarinta, ya samu diplom ɗinsa, Turawa suka tafa masa. Da ya dawo, ranar shigowar ayari ya fita bakin gari ya busa abin da ya tsara.

Madugu Lawali ya tsayar da raƙuminsa, ya saurara har ƙarshe.

"Da daɗi, ɗana," in ji shi. "To, yanzu busa mana namu."

Illo ya sauke algaitar, don bai iya shi ba. Fatake suka ɗan jira, sannan suka shiga gari shiru.

Darasi: Ilimin da ke bakin tsoho yana tafiya da shi kabari. In ya ce ka jira, ka jira, ko da takardunka sun fi nasa yawa.

Ki isar da darasin ga yaranmu masu karatu, Balki. Amma don Allah kar ki gaya wa kowa gidan da abin ya faru. Indo tana raye, har yau ba ta son a tayar da zancen.